Hira da Surukina Daga Ƙarƙashin Mota

Shekara tara ina auren ɗiyarsa, amma in an tara duk maganar da muka yi da surukina a shekarun nan, ba za ta cika allon aji ɗaya ba, kuma rabinta "ina kwana" ce. Ni malamin lekol ne, wato makarantar boko, magana ce sana'ata. Ina iya tsayuwa gaban yara saba'in in yi musu bayanin teku har su ji sanyinsa, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba. Amma da zarar tsohon nan ya yi gyaran murya, sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in zuba wa yatsun ƙafata ido kamar ranar aka ba ni su. Haka aka tarbiyyantar da ni a Damagaram, shi ma haka aka yi masa a Tawa, kuma ba wanda ya gaya mana cewa in an zo Arlit ana yin rangwame.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, matata ce ɗiyarsa ta fari. Ba ya kiran sunanta, ba ya doguwar magana da ita. In yana son ruwa, bango yake gaya wa cewa yau ana zafi, sai ruwa ya zo. Bangon gidanmu ya ji labarai da yawa a lokacin.

Shekara talatin ya yi a garejin kamfanin ma'adinai, har ya zama shugaban makanikai kafin ya yi ritaya. Daga baya ciwon yana ya rufe masa ido, na dama tukuna, sannan na hagu, har ya zamana rana kawai yake bambancewa da inuwa. Shi ya sa ya dawo gidanmu, muka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, inda nake ajiye motata.

A shekarar da tawaye na biyu ya yi zafi a yankinmu ne aka ce likitocin ido sun sauka Agadas, mako guda za su yi su wuce. A lokacin ba a bin hanyar Agadas yadda aka ga dama. Sai an haɗa ayarin motoci, soja a gaba soja a baya, sau biyu a mako, kowa yana bin sawun tayar na gabansa saboda nakiya. Ayarin Alhamis shi ne na ƙarshe da zai riski likitocin. Motocin haya kuwa ba a maganarsu. Garin ya cika da baƙi masu neman uraniyum, farare da jajaye da masu ƙananan idanu, da masu neman aiki wurin masu neman, kowa bakinsa sunan sabuwar mahaƙa, Imuraren, Imuraren, kamar sabon wuridi. Kujerar bas sai wanda ya kama tun makonni.

Ni kuwa ina da mota. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai ratsa rairayi, da kamfani ya gaji da ita ya yi gwanjonta. Saboda haka ran Lahadi na tsaya tsakar gida na gaya wa matata, da muryar da nake amfani da ita ga ƴan bencin baya, cewa ni zan kai Baba Agadas. Can daga ɗakin zaure muka ji an gaya wa bango, "Allah shi yi albarka."

Sai da na gama jin daɗin kaina sannan matata ta ce, a hankali, "To, yoyon fa?"

Motar tana zubar da baƙin mai. Ba tun yau ba. Inda take kwana akwai wani tabo a ƙasa da na daɗe ina sha'awarsa ta fuskar ilimi, domin ya yi kama da Tafkin Cadi, sai dai shi kullum ƙaruwa yake. Da ba wata matsala ba ce, kowace mota a Arlit tana da abin da take zubarwa. Amma kowa ya san sarjan ɗin da ke tantance ayari yana tura kwali ƙarƙashin kowace mota. Ɗigo ɗaya, ka koma gida. Kuma yana da gaskiya: mota ɗaya in ta tsaya a hanyar nan, ta tsayar da kowa, a wurin da ba mai son sauka ko da fitsari ya matse shi.

Mai hankali zai ce, ai ga shugaban makanikai a gidanka. Na sani. Shi ma ya sani. Amma ta yaya zan je gaban surukina in ce motar da na yi alkawari da ita ba ta da lafiya, ya zo ya taimake ni? Shi kuma ta yaya zai buɗe baki ya ce wa mijin ɗiyarsa bai san abin da ya saya ba? Kowace safiya yakan fito da sandarsa, ya tsaya kusa da motar, ya shaƙi iska sau biyu, ya ce, "Hm." Sannan ya wuce masallaci. Wannan "hm" ɗin, daga baya na gane, cikakken rahoto ne.

Sai na nemo bakanike. Wani Bakano ne mai gareji bayan tasha, gajere, mai fara'a, wanda bai taɓa ganin matsalar da ta wuce minti goma ba. Da ƙyar na same shi, don motocin masu uraniyum sun yi masa layi. Ya zo ran Litinin, ya leƙa, ya dangwali man da yatsa, ya kai hanci, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lekol a nan, ya ce, "Mushe, ai wannan ba komai. Filta ce ta saki jiki." Ya cire bel ɗin wandonsa, ya naɗe filtar da shi, ya murɗa har wandon ya fara bankwana da ƙugunsa. Ya ce in ta sake ɗiga, a canza masa suna.

Da gari ya waye tafkin ya samu sabon reshe.

Ran Talata ya dawo da sunansa yadda yake. Wannan karon ya daɗe a ƙasa. Ya fito ya yi mini darasi, ni kuma na saurara da ladabin wanda ya saba a saurare shi. Ya ce filtar ba ta da laifi, gidanta ne. Wato wani ƙarfen alminiyam da aka ɗaure a jikin inji, filta tana zaune a kansa, gefensa kuma akwai ɗan akwatin da ruwan lagireto ke ratsawa yana sanyaya mai. Tsakanin gidan nan da jikin inji akwai wata takarda ta musamman da ke hana yoyo, shi yana kiranta gaskit. Ita ce zafin Arlit ya soya.

Na ce to a sa sabuwa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mushe kenan! Sabuwa a ina? Ko kai ne gwamna, sai ka jira ta zo daga Kano, kuma ita ma sai ta bi ayari. Amma kwantar da hankalinka. Akwai gam."

Ya shafe gefen gidan da wani jan gam, ya bi da sabulun wanki don ƙarin albarka. Sannan ya ce tunda takardar ta mutu, sai a matse ƙarfe da ƙarfe har su saba da juna. Ya zura sifana cikin wani dogon bututu, ya taka taya da ƙafa ɗaya, ya ja. Notin ya yi ƙara, ƙiii. Daga ɗakin zaure aka ce, "Inna lillahi." Ya kama na biyu, ƙiii. Aka ce, "Wa inna ilaihi raji'un."

Bakanon ya tsaya. "Rasuwa aka yi?"

Na ce a'a, tsoho ne yake lazimi.

Noti huɗu ne, kuma kowanne sai da aka yi masa ta'aziyya.

Safiyar Laraba na tayar da injin don in gwada. Da can ɗiga take yi, ɗis, ɗis, cikin natsuwa. Yanzu kuwa zuba take, siriri, ba yankewa, kamar ana tsiyaya shayi. Na kashe, na zauna a kan dutse. Saura kwana ɗaya.

A nan maƙwabcina ya same ni. Ba'abzine ne, dogo, kullum cikin rawani, da yana tuƙa masu yawon buɗe ido cikin duwatsu, amma tun da aka fara harbe-harbe baƙin suka ɗauke ƙafa, shi kuma ya koma dafa shayi a ƙofar gida da cikakken lokaci. Ya dubi man, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin tsoho. Bai yi dariya ba. Su ma a wajensu suruki ba abin wasa ba ne. Ya taɓa gaya mini shekara ashirin surukinsa bai ga bakinsa ba, ko hancinsa sau ɗaya ne, shi ma iska ce ta yi laifin.

Ya ce, "Mushe, mota ya mutu. Baba ya san magani. Kai ba ka iya tambaya, shi ba ya iya faɗi. Ni ba surukin kowa ba ne a nan. Ni zan ɗauki magana in kai, in kawo."

Haka aka yi. Aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar motar. Na durƙusa taku uku daga gare shi, fuskata tana kallon gabas maso taya. Maƙwabcina ya zauna a tsakiya, ya gyara rawani, kamar mai shirin sulhunta ƙasashe biyu.

Baba ya ce masa, "Hwaɗa mishi, wanda ya ɗaure notinan ga jiya jaki ne, wanda ya tsaya yana kallo kuma ban san sunan da za ni ba shi ba."

Na ji sarai. Taku uku ne. Amma ƙa'ida ita ce ban ji ba. Maƙwabcina ya juyo gare ni cikin nutsuwa ya ce, "Baba ya ce an yi ƙoƙari jiya. Allah ya saka."

Na ce, "Ka gaya masa na gode, kuma duk abin da ya ce a yi, shi za a yi."

Ya juya. "Mushe ya ce kai ubansa ne, kai uwarsa ne, ransa yana hannunka."

Baba ya ce, "Ban son ransa. Shi zubar da mai da ruwa duka, shi kwance gidan hilta, shi hiddo shi waje."

Maƙwabcina ya auna maganar. A ganinsa ba daidai ba ne a ba malami guda umarni tsirara haka. Ya ce, "Baba ya ce, in ka samu sarari, kuma in ranka ya so, akwai wasu abubuwa da za a iya dubawa. Ba gaggawa."

Na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake mayar da zancen wani ba tare da an ɓata shi ba, ina ba su maki bisa ashirin. Mutumin nan da zai samu biyu, saboda tsabta. Duk abin da ya shiga kunnensa da ƙarfe, sai ya fito bakinsa da auduga. Lambar sifana ma sai ya sakaya ta, wai kada ta yi kama da gori. Har hantsi ya ɗaga ba mu kwance noti ko ɗaya ba, amma an yi wa iyayena addu'a sau shida.

Sai gawayinsa ya ƙare. Ya miƙe ya ce shayi ba ya jira, zai je kasuwa ya dawo. Kafin in samu hanyar riƙe masa riga, ya tafi. Ya bar ni da surukina, mu biyu, ba bango kusa, ba kowa.

Tashi in tafi rashin kunya ne. Zama ma rashin kunya ne. Na duba hagu, na duba dama, wuri ɗaya kawai na gani da mutum zai ɓuya bai bar wurin ba. Na kwanta rigingine na ja jiki na shige ƙarƙashin motar, da rigata ta zuwa aji.

Ina nan kwance ina kallon cikin injin, wanda ban fahimci komai a cikinsa ba, sai na ji sanda ta ƙwanƙwasa ƙofar motar sau biyu.

"Ke mota," in ji Baba.

Motar ba ta amsa ba.

"Ke mota, in akwai wani ƙarƙashinki, hwaɗa mishi shi laluba hannun dama, akwai noti babba a gindin inji. Shi tara bokiti kahin shi kwance, ba bayan ya kwance ba."

Na daɗe ina tunani. Na bincika duk abin da aka koya mini tun ina yaro, ban samu inda aka hana mutum magana da motarsa ba. Na gyara murya na ce, "Mota, ki ce an ji. Amma ki ce bokitin yana cikin gida."

"Mota, ashe ubangidan naki yana da baki."

Daga nan aiki ya kankama. Matata ta miƙo bokiti, ta ga ƙafafuna biyu a waje, ta ga mahaifinta yana yi wa ƙofar mota bayani, ta koma ciki da sauri. Na ji wani sauti daga madafa da ta ce daga baya tari ne.

Na zubar da mai, rabi a bokiti rabi a hannun rigata. Na zubar da ruwan lagireto. Baba yana kiran lambar kile, wato abin da Bakano ke ce wa sifana, ni kuma ina lalube. Bai ga komai ba, amma ya san inda kowane noti yake, da wanda tiyo ya tare, da wanda sai an karkata hannu. In na kama wanda ba shi ba, daga ƙarar kawai yake ganewa. "Mota, wancan na sitata ne. In ya kwance shi, sai dai mu tahi Agadas da turi."

Notinan da aka matse jiya sun ƙi motsi. Na ja har na ga taurari da rana tsaka. Da na huɗu ya saki, gwiwar hannuna ta daki ƙarfe, na faɗi wata kalma da na taɓa korar yaro daga aji saboda ita. Sannan Baba ya ce, "Mota, wannan kalmar ita ce daidai. Shekara talatin da ita muke kwance wanga noti."

Da gidan filtar ya fito, dole ni ma na fito. Nan take komai ya koma yadda yake. Na durƙusa, na kau da kai, na miƙa masa ƙarfen da hannu biyu. Ya karɓa. Ya ɓamɓare gam da sabulu da farce, ya bi fuskar ƙarfen da ɗan yatsa a hankali, ya sake bi. Na ga bakinsa yana motsi, magana ta cika shi, amma ba wanda zai gaya wa, tunda ga ni a fili. Sai na gane abin da ya kamata. Na sake kwanciya na koma ƙarƙashin motar, inda ba sauran aikin da zan yi.

"Yawwa," in ji shi. "Mota, sun tanƙwara shi. Bai tsage ba, Allah ya rufa asiri, amma huskar ta karkace. Ko takarda goma anka sa, sai ya zuba. A samo mini gilashi mai kwanciya sosai, da takardar goge ƙarhe."

Takardar gogewa tana cikin akwatinsa. Gilashi ne babu. Madubin matata ƙarami ne, tagoginmu kuma na langa-langa ne. Gilashi ɗaya ne a gidan mai faɗin da ake so, shi ne wanda ke rufe da takardar shaidar malantata a bangon ɗaki. Daga inda nake kwance na ba da izini a sauko da ita. Ba ta taɓa yi wa kowa amfani kamar na ranar ba.

Ya ɗora takardar gogewa a kan gilashin, ya ɗiga ruwa, ya kifa ƙarfen, ya shiga zagayawa da shi a hankali. Shuu, shuu. Ya ɗauki kusan awa guda. Ni ina kwance ina kallon tiyo, ƙuda yana bincika mini kunne. A cikin awar nan ne muka yi hirar da ba mu yi ba a shekara tara.

Ya gaya wa motar yadda ya zo Arlit ba komai a wurin sai tantuna da iska. Ya gaya mata sunayen injinan da ya sani tun suna sababbi har aka binne su. Ni kuma na gaya mata cewa tun ina yaro nake tsoron duk abin da ke da waya. Ya ce ai motar ta lura.

Can ya ce, "Mota, ina da tambaya, in ba za a ji haushi ba. Mutumin ga, yana cin abinci kuwa? Shekara tara ban taɓa jin ya tauna komi ba."

Na ce, "Mota, ki ce yana ci. A bayan ɗaki, a tsaye, da sauri."

"Ni ma haka na yi ma nawa surukin. Har ya rasu yana zaton azumi nike." Ya ci gaba da gugarsa. "Ki ce mishi, sadda anka zo neman auren, ni ban ƙi ba. Na dai so a ce mai riƙe kile ne. Amma mutanen gidan ba su taɓa kawo ƙara ba, ko ga bango."

Na ce wa motar wani abu ya faɗa mini a ido, kuma gaskiya ne, ƙasa tana ta zubowa.

Maƙwabcina ya dawo da gawayi ya tarar an ci gaba ba da shi ba. Ya tsaya ya saurara, ya ga yadda magana ke tafiya tsirara ba mai yi mata sutura, ya girgiza kai. Ya ce wannan mota ba shi da ladabi. Amma ya hura wuta, kuma da shayi ya nuna ya turo mini kofina ƙarƙashi da bakin sanda. Na sha a kwance, a gaban surukina, ko in ce a gefensa, karo na farko.

Sai Baba ya sa aka buɗe ƙasan akwatinsa aka ɗauko wani abu naɗe cikin zane. Takardar gaskit ce ta asali, falle guda, wadda ya ajiye tun ranar da ya bar aiki, yana tattalinta kamar likkafani. Ya ɗora ta a fuskar ƙarfen, ya ɗauki ƴar ƙaramar guduma mai kan ƙwallo, ya bi gefe-gefe yana ƙwanƙwasawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bakin ƙarfen da kansa yake yanka takardar. Ramin mai, ramin ruwa, ramukan noti huɗu, duk suka fito, ba almakashi, ba ido.

Ana cikin haka Bakano ya iso da sabon gam a aljihu, ya ce ya zo ƙarawa. Ya ga abin da ke hannun tsoho, ya tsaya. Ya karɓa ya ɗaga ta sama, ya juya ta. Sai ya tuɓe hularsa ya durƙusa ya ce, "Baba, ashe da ku a gari muke ta ɓarna?" Shi ba surukin kowa ba ne, saboda haka ya samu nasa kai tsaye, ba ta hannun mota ba. An ambaci bututu, an ambaci sabulu, an ambaci wanda ya koya masa aiki. Yana ta cewa, "Haka ne, Baba. Wallahi haka ne." Da zai tafi ya roƙi guntun takardar da ya rage, aka hana shi.

Ɗaurawa ta fi komai wuya, don ni hannuna bai san "ya isa" ba. Baba ya ce a fara da yatsa kawai, duka huɗun. Sannan kile, kaɗan a wannan, a tsallaka kaɗan a na kusurwar can, a dawo, a sake zagayawa, kada wani noti ya riga ɗan'uwansa ƙoshi. Na tambayi motar yaya zan san ƙarfin ya kai. Ya ce a garejin kamfani akwai kile mai ƙara in an kai, amma nan babu, saboda haka zai saurari numfashina. "In ya hwara nishi, ya wuce." Haka na ɗaure noti huɗu ina numfashi a hankali kamar mai satar shiga aji, shi kuma ya kasa kunne yana cewa, "Ƙara. Ƙara. Tsaya nan."

Kafin la'asar muka zuba mai da ruwa, na tayar. Muka bar ta tana ruri har maƙwabta suka fito. Ƙasa ta zauna a bushe.

Ran Alhamis da sassafe muka shiga layi a bakin gari, tsakanin wata tankar mai da farar motar masu uraniyum. Baba yana baya, matata a gefensa tana kallon taga, ni a gaba na karkatar da madubi don kada mu haɗa ido, duk da cewa ba shi da idon haɗawa. Sarjan ya iso, ya duba takardu, ya tura kwalinsa ƙarƙashi da ƙafa, ya tsaya yana kallon agogo. Ya jawo kwalin. A tsakiyarsa akwai ɗigo ɗaya, baƙi, kamar aya a ƙarshen jimla.

Ya ce, "Fita daga layi."

Na buɗe baki, Faransancina duk ya gudu. Sai Baba ya miƙo hannu ta taga ya ce, "Ɗana, ba ni in gani." Sarjan ya dubi idanun, ya dubi hannun, ya miƙa. Baba ya shafa ɗigon, ya murza tsakanin yatsu.

"Taɓa nan. Sanyi gare shi, kuma da rairayi ciki. Inji ya hi rabin awa yana aiki. In daga cikinsa ya hito, da ya ƙona ka. Wanga tsohon mai ne, na ran Talata, da ya maƙale a jikin ƙarhe. Sa wani kwalin. In ka ga ɗigo mai zahi, ni da kaina za ni sauka in koma da ƙahwa."

Sarjan ya taɓa. Ya sa aka goge ƙasan injin da tsumma, ni na goge, ya tura sabon kwali, ya ce in taka mai. Na taka. Direban tanka yana ta hon a baya. Minti biyar da suka fi jarrabawar fita tsawo. Kwalin ya fito fari. Sarjan ya ce, "Wa ya yi muku aikin?" Ba wanda ya amsa, don ni ba zan yabi surukina a gabansa ba, shi ma ba zai yabe ni ba. Matata ce ta ce da taga, "Su ne." Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Tun daga Arlit har Agadas ba wanda ya ce komai. Sau ɗaya Baba ya sanar da kujerar gaba cewa ana wuce rami da giya ta biyu.

An yi masa idon dama washegari. Da aka cire bandeji ran Asabar da safe, likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, ya ce ukku, kuma farcen na tsakiya yana son yanka. Ya dubi ɗiyarsa ɗan lokaci, ta sunkuyar da kai, shi ma ya kau da nasa. Ni ina bayan ƙofa. Ayarin komawa zai tashi da hantsi, na riga na ɗaure kaya.

Sai ya ce a kai shi wurin motar, a buɗe murfin inji.

Ya daɗe yana kallo da sabon idonsa. Gidan filtar bai ce komai a kansa ba, ya dai taɓa shi ya duba yatsa. Amma ya ga wayoyin da aka ɗaure da tsumma. Ya ga tiyon da aka toshe da guntun icce. Ya ga batir da igiyar rijiya ta riƙe, da wani abu kusa da fanka wanda har yau ina zaton murfin tukunya ne. Ya ja da baya taku ɗaya.

"A cikin wannan kunka ɗauko ni? Bisa hanyar nakiya?"

Likita ya riga ya hana shi sunkuyo da taɓa ƙura har mako biyu. Saboda haka aka kawo masa kujera gindin bishiyar asibiti, ya zauna da baƙin tabarau, sandarsa a hannu yana nuni, ni kuma na tuɓe riga. Ayarin Asabar ya tafi ya bar mu. Na Talata ma haka. Na rubuta wa shugaban makarantarmu cewa dalilin jinya ne ya riƙe ni a Agadas, ban dai faɗi ko jinyar wa ba.